Dami ɗaya cikin goma: tarihin rarar hatsi da haƙƙin maƙwabci a ƙasarmu

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a ƙauye ya san yadda yunwa take shigowa makaranta. Daga watan Maris abin ke somawa. Yaron da ke rige-rigen ɗaga hannu a watan Nuwamba sai ka gan shi ya kifa kai bisa tebur tun ƙarfe goma na safe. Yarinyar da ta fi kowa iya lissafi ta yi kwana uku ba ta zo ba, ka tambaya, a ce maka ta bi uwarta bida. Kafin watan Mayu littafin kiran suna ya cika da giɓi. Abin da ke ɗaure mini kai kowace shekara shi ne, a garin nan dai, watanni biyar baya, na ga manyan motoci suna lodin buhunan hatsi ranar kasuwa har dare. Ke nan garin ya samu abinci da kaka. Wasu gidaje sun samu rara, wasu ba su cika rumbu ba, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. To, ta wace hanya a da rarar mai ita ke isa gidan marar ita, kuma me ya toshe wannan hanya?

Ya kamata mu uwaye da malamai mu waiwayi wannan tarihi, don yau in aka ce taimakon cimaka, hankalin yaranmu ba ya zuwa ko'ina sai ga buhu mai tambarin wata ƙungiyar waje. Suna tashi da zaton taimako daga bayan mota yake saukowa. Alhali kuwa ƙasar Maraɗi, Damagaram da Adar sun daɗe da tsarinsu na fitar da hatsi daga rumbu zuwa rumbu, tsari mai lokaci, mai awo, mai kiyaye mutuncin wanda aka ba.

Rumbun gandu

Tushen abin yana cikin gida. A tsohon tsari gida ɗaya kan haɗa mai gida, ƙannensa, ƴaƴansa masu aure da matansu. Babbar gona ita ce gandu, kowa na yi mata aiki kwana huɗu ko biyar a mako. Sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa, wato ƴar gonar da mai gida ya yanka wa mace ko saurayi. Hatsin gandu ba a sussuke shi da kaka. Da zangarniyarsa ake jera shi cikin rumbu, rumbun zana a ƙasar Maraɗi da Damagaram, manyan rumbunan laka a Adar, kuma a haka yana iya yin shekaru bai lalace ba. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya ratsa Damargu zuwa Tasawa a watan Janairun 1851, ya lura da waɗannan rumbuna da aka ɗora bisa itace don gudun ɓera da gara.

Muhimmin abu shi ne dokar buɗe rumbu. Masu binciken da suka zauna a ƙauyukan gulbin Maraɗi, irin su Claude Raynaut, sun tarar da abin da tsofaffinmu ke faɗa: bayan girbi mai gida kan raba wani kaso, sannan ya rufe rumbun gandu, ba za a sake taɓa shi ba sai ruwa ya sauka an shiga noma. Da rani, maza su tafi cin rani don a rage baki, mata su riƙe kansu da ƴaƴansu da abin da gamana ta bayar. Wannan tsari ya ɗora wa mata nauyi ƙwarai, bai kamata a ɓoye ba. Amma ya tabbatar da abu ɗaya: a tsakiyar damana, lokacin da aiki ya fi tsanani kuma kasuwa ta fi tsada, akwai hatsi a gida. Gidan da Allah ya hore wa kuwa yakan ajiye na bara da na bara waccan. Daga irin wannan tsohon hatsi ne ake ranta wa dangi, a ba maƙwabci iri.

Hanyoyin da dami ke bi

Hanya ta farko ita ce zakka. Hukuncinta a bayyane yake a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu: in amfanin gona ya kai nisabi, wato wusƙi 5, sa'i 300, kimanin kilo 650 ke nan, a fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban ruwa aka noma shi. Manomi ba ya jiran sikeli. Tun a gona, wajen ƙirga dammai, yakan ware na goma ya jingine shi gefe. Hikimar wannan ita ce lokacinsa: ana fitar da haƙƙin ne ranar da hatsi ke da yawa a ido, kafin ya shiga rumbu zuciya ta fara ƙyashinsa. Malamai kan tuna wa masu girbi labarin masu gonar nan da ya zo a Suratul Ƙalam, waɗanda suka haɗa baki za su yi sammakon girbi don kada wani miskini ya riske su, suka wayi gari gonar ta ƙone ƙurmus.

Hanya ta biyu ita ce kala. In an gama yanka an kwashe dammai, abin da ya zube da ƴan ƙananan kawunan da aka tsallake na tsofaffin mata ne da marayu da yara. Ba a roƙonsa, ba a kuma korar mai yinsa. Mai gona mai sanin ya kamata yakan hana ma'aikatansa tsince gonar ƙaƙaf, da gangan. Wadda ta cika ƙwarya da kala ba ta jin an yi mata sadaka, guminta ta ci.

Hanya ta uku ita ce damman sana'a da na zumunta. Maƙerin da ya gyara hauya da kalme, wanzamin gida, ungozoma, malamin allo, liman, duk da kaka ake sallamar su da dami. Ƴar'uwar da ke aure a wani gari a aika mata. Bafillacen da ya zaunar da garkensa a gona da rani ya bar taki, a ba shi hatsi. Wanda ciwo ya kwantar da damana a kira masa gayya, samari su nome gonarsa cikin yini ɗaya.

Akwai kuma ciyayya, wadda a ganina ta fi duk sauran dabara. Da magariba magidantan unguwa kan zauna a ƙofar gida ɗaya, kowa a kawo akushinsa, a haɗa a ci. A shekarar ƙunci akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba, kowa ya sani, ba wanda zai furta. Mai gidan ya zauna ya ci tare da kowa, a cikin gida kuma mata sun riga sun tura yarinya da kwano ta ƙofar baya. Ga tuwon sadakar Jumma'a, ga zakkar kono ta ƙaramar salla, ga almajirin da ke da gidan da ake ajiye masa ɗan saura. Kowace hanya ƙarama ce, amma in sun taru sukan raba gida da kwana da yunwa.

Mai dami dubu

Ba addinin Musulunci kaɗai ya zo da wannan tunani ba. A cikin Azna na ƙasar Maraɗi akwai bikin da ake kira dubu, wanda masanin nan ɗan Faransa, Guy Nicolas, ya yi rubutu mai yawa a kansa. Manomin da ya kai ga tara dami dubu yakan shirya gagarumin biki, a taru daga garuruwa, ya ciyar da jama'a, ya yi kyauta ga masu sarauta, maroƙa, masu sana'a da talakawa, sannan a tabbatar masa da sunan sarkin noma. A lura da tsarin: tara dami dubu kaɗai bai isa ya ba mutum sarautar ba, sai ya fitar da dukiyar a bainar jama'a. Daga ranar kuma ya ɗauki nauyi. In shuka ta ƙone aka rasa iri, ƙofarsa za a nufa. In baƙo ya sauka a shekarar yunwa, gidansa za a nuna masa.

Bikin ya gauraye da tsafe-tsafen da mutane suka bari, kuma ba mai kiran a dawo da su. Abin ɗauka a ciki shi ne ma'aunin girma. Al'ummar da ta ƙirƙiro dubu ta yanke cewa babban manomi shi ne wanda aka ci daga rumbunsa. Yau kuwa mun fi jinjina wa wanda ya cika mangaza ya sa kwaɗo, yana jiran watan Yuli.

Masu sarauta su ma suna da nasu rumbuna, a Katsinar Maraɗi, a Gobir ta Tibiri, a Damagaram. Ana cika su da damman da ake karɓa daga talakawa da kuma amfanin gandun sarki. Daga ciki ake ciyar da baƙi, malamai da dakaru, kuma a mugunyar shekara idon talaka na kan fada. Sai dai kar mu yi wa tarihi kwalliya: bayi ne ke noma da yawa daga cikin waɗannan gandaye, kuma ba kowane basarake ke mayar wa mabuƙata abin da ya karɓa da sunan zakka ba.

Inda tsarin ya gaza

Wannan tsari yana aiki ne in wasu sun samu wasu sun rasa. In kowa ya rasa, shekara biyu ko uku a jere, ba rarar da za a raba. Haka aka yi a 1913 zuwa 1914, yunwar da Hausawa suka laƙaba wa Kakalaba, wadda ta game ƙasar Hausa gaba ɗaya, ta nan da ta Najeriya. Mutane suka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita, da jiga, da tsabar ƙarangiya, har da tonon gidan tururuwa don kwaso hatsin da ta tara. Garuruwa suka watse, jama'a ta kwarara kudu.

Amma Kakalaba ba fari kaɗai ba ce. Ta zo ne bayan shekaru goma sha da zuwan Nasara. Tun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta Birnin Ƙonni zuwa ƙasar Tasawa tana ƙona garuruwa tana wawashe rumbuna. Bayan an kafa mulki kuma aka ɗora lanho da kuɗi. Lanho ba ya jiran damana mai kyau, kuma da kaka ake neman sa. Manomin da a da zai ajiye na bara ya zama dole ya kai shi kasuwa a lokacin da hatsi ya fi araha. Nan ne aka fara huda rumbun gandu ta ƙasa.

Rumbun dole

A 1931 fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta yi ɓarna mai yawa, musamman a yammacin ƙasar, yankin Zabarmawa. Mai binciken da aka aiko daga Faransa ya ɗora wa hukumar mulkin mallaka babban kaso na laifin, don ta ci gaba da tatsar lanho ana cikin mutuwa. Daga nan Nasara ya ɗauki batun ajiya da zafi. Aka tilasta wa kowane mai gida ya zuba wani adadi na hatsi a rumbunan ajiya da aka jera wuri ɗaya ƙarƙashin idon mai gari, ba a buɗe su sai da izinin kwamandan. Aka kuma kafa ƙungiyoyin tanadi na dole, waɗanda kowane mai biyan lanho ke zuba wa kuɗi.

A takarda tunanin ba shi da laifi, kusan shi ne dokar rumbun gandu aka faɗaɗa. A aikace kuwa mutane sun tsane shi. Ana karɓar hatsin ko daga wanda bai noma abin da zai kai shi rani ba. Mai hatsi na kallon rumbunsa da yunwa a cikinsa, mabuɗi na hannun wanda ke zaune tafiyar kwana biyu. Wani lokaci kafin izini ya iso ƙwari sun gama da shi, wani lokaci masu gadi sun rage masa hanya. Sai manoma suka koyi ɓoye amfaninsu, suna rage lissafin dammai in an zo ƙidaya. Ba mamaki da siyasar jam'iyyu ta kankama bayan 1946, rumbunan dole na cikin koke-koken da ƴan siyasa suka yi ta ɗagawa a ƙauyuka tare da aikin dole.

Darasin wannan zamani shi ne hatsi ɗaya ne, rumbu ɗaya ne, amma da mabuɗi ya bar hannun wanda aka sani aka yarda da shi, tanadi ya koma zalunci.

Gujiya, kuɗi da a-ci-ba-daɗi

Abin da lanho ya fara, gujiya ta ƙarasa. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 noman gujiya ya mamaye Maraɗi da Damagaram, har ta zama babbar hajar da ƙasa ke fitarwa waje, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Kuɗi ya shigo ƙauye, ya kawo keke da rediyo da atamfa, ya kuma kawo rabuwar gandu. Saurayin da ke iya samun kuɗinsa da gamanarsa ko da tafiya Kano da Legas bai ga dalilin yi wa mahaifinsa noman kwana biyar ba. Babban gida ya tsage gida-gida, babban rumbu ya koma ƙananan rumbuna waɗanda ba ɗayansu da ke kai wa damana. Maƙeri da wanzami suka koma karɓar kuɗi hannu da hannu. Gayya ta ja baya, ƙwadago ya maye gurbinta.

Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, a lokacin jahar Maraɗi kaɗai na da kusan miliyan 3 da rabi. Saurar da ake bari ta huta ta ƙare. A kudancin jahar gona ta tsuke har mata da yawa sun rasa gamana ɗungum, wato an cire ginshiƙin da ke riƙe abincin yara da rani.

Rance shi ma ya sake kama. A da ka ranci dami ka mayar da dami. Yanzu mai ƙunci na karɓar kuɗi ko tiya a tsakiyar damana bisa sharaɗin zai biya da hatsi da kaka a farashin da mai kuɗi ya yanka. Sunan da mutane suka ba wannan ciniki ya isa bayani: a-ci-ba-daɗi. Wanda ya shiga, amfaninsa na baɗi ya riga ya zama na wani tun yana tsaye a gona.

Da rarar ƙauye ta ƙafe, sai ido ya koma ga gwamnati. An kafa OPVN a 1970 don saye da ajiyar cimaka. Farin 1973 zuwa 1974 ya gwada ta, kuma zargin karkatar da kayan agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, Seini Kunce ya hau. A 1984 fari ya dawo, ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Najeriya, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Ina yaro ƙarami lokacin, abin da ya tsaya mini a rai shi ne tuwon jar dawar taimako, da kuma kakata tana auna ƴar ƙwarya daga ɗan abin da muka samu tana ba ƙanwar mahaifina ta kai wa wata tsohuwa a bayan gidanmu, da gargaɗin kar kowa ya gan ta.

Shekarar 2005

Wanda ke son ya gane bambanci tsakanin rashin hatsi da toshewar hanyarsa, ya dubi 2005. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta taɓa wasu yankuna, aka ƙiyasta giɓin cimakar ƙasa da wajen tan dubu 223. Giɓi ne, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasa ke buƙata ba. Duk da haka kafin watan Yuli buhun hatsi mai kilo 100 ya doshi jika 30, fiye da ninki biyu na farashin kaka. Hatsi na jibge a kasuwanni, mai saye ne babu. Kuma inda abin ya fi tsanani ga yara shi ne Maraɗi da Damagaram, wuraren da ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Hukumomi sun daɗe suna tsaye kan sayarwa a farashi mai rahusa, shugaba Tanja Mamadu na musanta cewa akwai yunwa, sai a watan Agusta aka shiga rabon kyauta gadan-gadan, watan da Kofi Annan ya zo Damagaram ya gani da idonsa.

Ina sabon malami a wani ƙauye a lokacin. Na ga uwayen ɗalibaina da suka sayar da tiya da kaka don biyan bashi da hidimar biki suna sayen tiyar nan da ninkin kuɗinta, bayan sun sayar da akuya, sun sayar da kwanonin ɗaki, wasu sun jinginar da gona. Gonar da aka jinginar a irin wannan shekara ba kasafai take dawowa ba. Shi ya sa yunwar shekara ɗaya ke haifar da talaucin shekara ashirin.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a watan Oktoban 2013, da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance. Yara ne masu shekarun zama a aji.

Rumbun tsimi

Tun shekarun 1980 ake ƙoƙarin farfaɗo da ajiyar gari da sunan rumbun tsimi ko bankin cimaka: a sayi hatsi da kaka, a sayar wa ƴan gari da rahusa ko a ranta musu da damana. An gina su da yawa. Da yawa kuma yau kango ne, awaki ke kwana ciki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an ranta ba a biya ba, kwamiti ya zama na mutum biyu, ba littafin lissafi, jarin kuma daga waje ya zo, kowa na ganin kayan banza ne. Waɗanda suka fi daɗewa su ne waɗanda ƴan gari suka zuba nasu a ciki, musamman na hannun mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, sun nuna abin da akwati mai mabuɗai a hannu daban-daban da ƙirga kuɗi a gaban kowa ke iya yi. A yankin Agye an gwada rumbunan da mata ke riƙewa, su ranta wa gidaje hatsi lokacin noma a biya da kaka, don mai gida ya tsaya a gonarsa maimakon ya tafi ƙwadago a ta wani. Akwai kuma tsarin jinginar da amfani a mangaza a karɓi bashi, a sayar in farashi ya tashi, wanda ya shigo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1990.

In aka jera zakkar gona, rumbun gandu, rumbun dole da rumbun tsimi, za a ga abubuwa uku ne ke raba wanda ya yi amfani da wanda ya watse. Na ɗaya, a fitar da kaka, ba sai yunwa ta zo a fara neman mai tausayi ba. Na biyu, awon ya zama sananne, kowa ya san abin da ke kansa. Na uku, mabuɗi ya zauna a hannun waɗanda gari ya zaɓa, masu iya buɗe lissafi a gaban jama'a. Na ƙara da na huɗu, wanda kala da ciyayya suka koya mana: kada mai karɓa ya ji an tozarta shi.

Abin da makaranta za ta iya

Makarantun da ke da kantin na gwamnati ko na ƙungiyoyi kaɗan ne in aka kwatanta da yawan makarantunmu. Sauran fa? Mu yi lissafi irin na aji. A ɗauka gari na da gida 100 da suka samu abin da ya ishe su. Kowane ya kawo tiya 4 da kaka, an samu tiya 400, buhu 10 ke nan, tan ɗaya. In za a dama wa kowane yaro kunun gram 150 a rana, tan ɗaya zai ciyar da yara 100 har kwana 66, wato kusan dukan ranakun karatu na Maris, Afrilu da Mayu, daidai watannin da aji ke zubewa. Tiya huɗu a watan Oktoba ba ta girgiza gidan da ya cika rumbu. A watan Afrilu kuwa ita ce ke tsaida yarinya a kan benci.

Wannan sadaka ce da taimakon juna, ba zakka ba. Zakka tana da waɗanda shari'a ta ambata, kuma liman da malaman gari su ne za su tuna wa manoma su kai ta gidajen da suka cancanta, a cikin garin da aka noma ta. Amma a hatsin makaranta a kiyaye abin da tarihi ya nuna. A tsaida ranar tarawa tun kafin a gama girbi. Kwamitin uwaye da ƙungiyar uwaye mata su riƙe mabuɗai, darakta ya riƙe littafi kawai, kada hatsi ya kwana a ɗakin malami. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a taron gari. Gidan da bai samu ba kada a matsa masa, ya kawo itace ko ya taya daka, don kar mu maimaita rumbun dole. Sannan in an dama kunun, duk yara su sha tare, ɗan mai rara da ɗan marar ita, kada a kira sunan kowa a ce ga mabuƙaci.

Mu malamai kuma muna da namu aikin a cikin aji. A darasin tarihi, a tura yara su tambayi kakanninsu sunayen shekarun yunwa na garinsu, me aka ci, wa ya buɗe rumbunsa. A darasin lissafi, a ba su farashin tiya na kaka da na damana su fitar da asarar wanda ya sayar ya sake saye. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai koma gida da tambayar da babansa zai daɗe yana tunani a kanta.

Uwaye kuma, in kaka ta zo ana ƙirga dammai, a tafi da yaro gona. A bar shi shi ya ƙirga, shi ya ja na goma ya ajiye gefe, a gaya masa gidan da za a kai da dalilin da ya sa za a kai shi bayan magariba. Haka aka koya wa kakanninmu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu cikin masu fitarwa.